Tambayi Famasis: Piriton da 'yan'uwansa, amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa saƙonnin da ke shigowa filin nan suka koma kusan abu ɗaya, atishawa, mura, ƙaiƙayi, sai kuma Piriton, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da kusan babu gidan da za ka shiga ka rasa ta a kan durowa ko cikin jakar uwargida. To na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Masu kira na dakta na gode da girmamawa amma famasis ne ni, harkar magani ce tawa, abin da ya shafi duba mara lafiya kuwa sai asibiti.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ni dai duk shekara da sanyi ya shigo sai na kama atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci ya dinga zuba, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, mai kemis ɗin layinmu ya ce Piriton zan dinga sha kuma gaskiya yana min aiki amma wlh barcin da yake sa ni ko girkin rana da ƙyar nake gamawa, har maigida ya fara tambaya ko lafiya. Guda nawa ya kamata in sha, kuma akwai illa in na daɗe ina sha? Daga wata matar aure, Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki. Piriton sunan kasuwa ne, ainihin maganin da ke ciki in kika duba kwalin za ki ga an rubuta chlorpheniramine, wasu kamfanonin su rubuta chlorphenamine, duk abu ɗaya ne, kuma waɗanda ake ƙirgowa a leda ba tare da kwali ba mafi yawa shi ɗin ne, mutane ne kawai suka saba kiran kowanne Piriton.

Abin da ke damun ki alaji ne na hanci. Jikin ɗan adam yana da wani sinadari da ake kira histamin, a ajiye yake cikin wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da cikin hanci da ido da hanyar numfashi. To akwai mutanen da jikinsu in ƙura ta shiga, ko garin furen ciyawa, ko gashin kyanwa, ko ƙananan ƙwarin nan na katifa da kafet da ido ba ya gani, sai ya ɗauke su abokan gaba ya saki histamin ɗin nan da yawa, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura ya yi ja, jijiyoyin ji su harzuƙa, shi ne atishawar da ƙaiƙayin da hawayen da kike fama da su. Shi kuma maganin abin da yake yi shi ne ya je ya zauna a gurbin da histamin zai kama, kamar dai ki zo tasha ki tarar wani ya riga ki zama a kujerar da kika so, ba faɗa amma ba wurin zama. Kin ga ke nan bai warkar da alajin ba, tare shi kawai ya yi na 'yan awoyi, da ya bar jiki kuma ƙurar tana nan abin zai dawo.

Barcin kuma ga inda ya fito. Histamin ɗin nan a ƙwaƙwalwa wani aiki yake yi daban, yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Tsofaffin magungunan alaji suna ratsawa har ƙwaƙwalwa su toshe shi a can ma, to ba lalaci ba ne, ki faɗa wa maigida aikin magani ne. Kuma da na ce tsoho, tsoho ne da gaske. A 1937 ne a Cibiyar Pasteur da ke Paris wani masani Daniel Bovet da ɗalibarsa Anne-Marie Staub suka fara gano sinadarin da ke tare histamin, aka fara ba mutane irinsa a Faransa a 1942, shi kuma chlorpheniramine ya shigo hannun likitoci a 1949. Sama da shekara 70 ke nan, ya girmi Najeriya mai 'yanci. Daɗewar nan tana da amfani don an san halinsa ciki da waje, ga araha, amma tun shekarun 1980 aka fito da sababbi irin su cetirizine da loratadine waɗanda ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013 ta cire chlorpheniramine daga jerin muhimman magungunanta ta sa loratadine a madadinsa.

Ƙa'idar sha ga babba: ƙwaya ɗaya mai miligiram 4 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 6 wato miligiram 24 cikin awa 24. Tsoho kuma rabin haka ne iyakarsa, ƙwaya 3. Ba wai dole sai an kai iyakar ba fa, iyaka ce ba umarni ba.

Amma in don ta ni ne, ke da za ki yi wata biyu ko uku kina fama kuma ga hidimar gida ga wuta ga yara, ki koma loratadine miligiram 10 sau ɗaya a rana, ko cetirizine shi ma 10 sau ɗaya, sai dai shi cetirizine akwai waɗanda yake ɗan sa wa barci, in haka ne a sha shi da dare. In toshewar hanci ce ta fi yawa to duk ƙwayoyin nan ba su cika buɗe hanci ba, akwai maganin fesawa a hanci da likita zai rubuta miki wanda ya fi su aiki a wannan ɓangaren. Sai ƙananan dabaru, yayyafa ruwa kafin shara, takunkumi in za a fita ranar hazo, shanya katifa da filo a rana, kuma ki lura da turaren wuta, na san magana ce mai wuya ga matan aure amma da yawa daga masu atishawar nan kaskon turare ne ke tayar musu. In kuwa abin ya haɗa da tari da dare ko ƙirji na kukan numfashi, wannan ya fara kama da asma, Piriton ba ya maganin asma, a je asibiti.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni direban adaidaita ne, na san yana sa barci shi ya sa ba na sha da rana sai da dare in na ajiye mashin, in mura ta matsa kuma da safe in haɗa da Procold in fita. Ai babu matsala ko? Daga Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa akwai matsala, har guda biyu ma.

Ta farko, maganin nan yana daɗewa a jini fiye da yadda ake zato. A jikin babban mutum yakan ɗauki kusan awa 20, wasu ma fiye, kafin rabinsa ya fita. Wanda ka sha ƙarfe goma na dare ke nan da asuba da ka tayar da mashin mafi yawansa yana nan tare da kai. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba lallai ka ji barci ba, za ka ji kanka garau amma saurin taka burki ya ragu, hankalinka kan mai tsallaka titi ya ragu, kai ba ka sani ba. A shekarar 2000 an yi wani gwaji a Jami'ar Iowa ta Amurka da na'urar kwaikwayon tuƙi, aka ba mutane diphenhydramine, wani tsohon maganin alaji ɗan gidansu Piriton, wani lokacin kuma aka ba su giya daidai abin da doka ke kira maye, sai aka ga tuƙinsu bayan maganin alajin ya fi lalacewa a kan bayan giyar, kuma jin barci ko rashin jinsa bai nuna wanda tuƙinsa ya ɓaci ba. Ba Piriton aka gwada a nan ba, kuma shi bai kai wancan nauyi ba, amma dangi ɗaya ne hanya ɗaya suke bi.

Ta biyu, magungunan mura na haɗi irin su Procold da Mixagrip da ruwan tari da yawa, akwai chlorpheniramine a cikinsu tuni, tare da farasitamol da maganin buɗe hanci. Ka juya bayan katin ka karanta za ka gani. Wato da safen ma ƙari ka yi a kan na dare. Wannan kuskuren mutane da yawa suna yi, a sha Piriton a sha maganin mura a kora da ruwan tari, magani ɗaya sau uku da suna daban-daban.

Kai da ɗan acaba da direban tirela da mai aikin injin niƙa da mai hawa gini da mai walda, loratadine ne naku in alaji ne, shi ma ranar farko a gwada shi ranar hutu a ga yadda jiki zai karɓa. In mura ce ta yau da gobe kuwa farasitamol da ruwan ɗumi da hutu sun isa, za ta wuce cikin mako guda ko kwana goma da magani ko babu. Kuma tunda maganar ta zo, ba kai nake nufi ba, amma a tashoshi akwai masu haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da tiramol ko kodin ko diyazefam ko giya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana ruwan tari mai kodin amma ai mun san bai ɓace daga gari ba. Kowannensu danne ƙwaƙwalwa yake yi, in suka haɗu numfashi na iya yin ƙasa mutum ya kwanta bai tashi ba.

Tambaya: Malam jaririna watansa bakwai, kuka yake kwana yi ba ya barin kowa ya runtsa, sai maƙwabciyata ta ce ita rabin cokali na ruwan Piriton take ba nata ko Phenergan ya yi barci har safe, ko in za su yi tafiya mai nisa ko zuwa biki. Ban ba shi ba tukuna na ce bari in tambaya. Daga maman yaro, Gusau.

Amsa: Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki ba shi. Kada ki ba shi. Ko ɗigo.

Ruwan Piriton ba a ba yaron da bai shekara ɗaya ba sai in likita ne da kansa ya rubuta don wani dalili, ƙwayar kuma sai ɗan shekara 6 zuwa sama. Shi kuwa Phenergan, wanda sinadarinsa promethazine ne, ya ma fi haɗari, tun 2005 akwai gargaɗi mafi tsanani na hukumar magunguna ta Amurka a jikin takardarsa cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 saboda an samu yara da numfashinsu ya tsaya suka rasu. A 2008 hukumar ta ce magungunan tari da mura na kanti ma kada a ba 'yan ƙasa da shekara 2, a Ingila kuma a 2009 suka kai shi har shekara 6. Waɗannan dokokin ba don son wahalar da iyaye aka yi su ba, gawarwakin yara aka gani.

Na san gajiyar da ke cikin saƙon nan naki, uwar da ba ta barci abin tausayi ce kuma ba na ganin laifin maƙwabciyarki har can, ita ma wata ce ta koya mata. Amma ki duba, jariri ba shi da baki sai kuka. Yunwa ce, kumburin ciki ne, ciwon kunne ne, haƙori ne, zafi ne ko cizon sauro, zazzaɓi ne ke tasowa, duk da kukan zai faɗa. In kika kwantar da shi da magani ba ki cire ko ɗaya ba, kin dai rufe masa baki, kuma yaron da magani ya kwantar ba ya tashi shan nono yadda ya kamata, ruwan jikinsa ya ragu. Mafi muni, yawan barci da kasala suna cikin alamun da ake gane maleriya mai tsanani ko sanƙarau a jikin yaro, to ya za a bambance barcin ciwo da barcin magani? Sannan wasu yaran ma akasin haka yake musu, maimakon barci su birkice, su ƙi kwanciya, zuciya na bugawa da sauri, kukan ya ninka. Ki kai shi asibiti ko sha-ka-tafi mafi kusa a duba kunnensa da jikinsa a auna nauyinsa, ki nemi wata a gida ta karɓe ki ko na awa biyu da rana ki rama barci, maigida ma ai hannu biyu gare shi.

Ga iyayen da yaransu suka haura shekara kuma alaji ne na gaske, borin jini ko cizon ƙwaro ko ƙaiƙayin ƙaranbau, ga yadda ake bayarwa in kwalbar mai miligiram 2 ce cikin mililita 5, a duba a tabbatar. Ɗan shekara 1 zuwa 2, mililita 2.5 sau biyu a rana kawai. Ɗan shekara 2 zuwa 5, mililita 2.5 duk awa 4 zuwa 6, kada ya wuce miligiram 6 a rana. Ɗan 6 zuwa 12, mililita 5 ko rabin ƙwaya, shi ma duk awa 4 zuwa 6, iyaka miligiram 12 a rana. Da cokalin awo ko sirinji na baki ake aunawa, cokalin shayi na gida kowanne da girmansa. Kuma a ɗora kwalbar inda hannun yaro ba ya kai, zaƙi gare ta. In yaro ya faki ido ya shanye, ko da alama lafiyarsa ƙalau a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko sa masa yatsa ya yi amai. Jiki ya yi zafi ya bushe, fuska ta yi ja, sambatu, jijjiga, waɗannan ne alamun ya yi yawa, amma ba a jiran su.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai jikina na ƙaiƙayi sosai musamman da dare, zan iya shan Piriton? Daga Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa chlorpheniramine yana cikin magungunan da aka daɗe ana ba masu ciki kuma ba a san shi da nakasa jariri ba, likitoci suna rubuta shi, wasu kuma sun fi son loratadine ko cetirizine saboda barcin. Amma ke kada ki fara da kemis. Ƙaiƙayi a watannin ƙarshe, musamman in a tafin hannu da tafin ƙafa yake, ba ƙuraje, ya fi tsanani da dare, ko fitsari ya yi duhu ko ido ya yi ɗorawa, yana iya zama matsalar hanta da ciki ke kawowa, kuma tana iya taɓa jaririn. Gwajin jini ne ke nunawa. Ki je wurin awo gobe-goben nan ki faɗa musu, kada ki jira ranar da aka ba ki. Bayan haihuwa kuma in kina shayarwa ki sani yana bi ta nono kaɗan, yana iya sa jariri barci, yawan shansa kuma na iya rage ruwan nono.

Tambaya: Malam mahaifinmu ya haura shekara 70, ya kai shekara biyu kullum sai ya sha Piriton biyu kafin ya kwanta wai shi ke sa shi barci, in babu sai ya tayar da hankalin gida. Kwanan nan yana kukan fitsari ba ya fita sosai sai ya yi ta yunƙuri, bakinsa na bushewa, wani lokacin da asuba sai ya tashi kamar bai san inda yake ba. Tsufa ne ko maganin? Daga wani ɗa, Bauchi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya ya saka maka da alheri. Ba zan iya yanke hukunci daga nan ba, amma duk abin da ka lissafa suna cikin sanannun illolin maganin nan ga tsofaffi, ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar takardar cikin kwalin kake karanta min.

Dalili shi ne tsofaffin magungunan alaji ba histamin kaɗai suke toshewa ba, suna taɓa wani sinadarin saƙo na jijiyoyi mai suna asitilkolin, wanda shi ke sa yawu ya zubo, hanji ya motsa, mafitsara ta matse ta fitar da fitsari, ido ya daidaita gani, kuma ƙwaƙwalwa na amfani da shi wurin tuna abu. In aka danne shi sai bushewar baki, taurin bayan gida, gani dishi-dishi, riƙewar fitsari da ruɗewa. Saurayi jikinsa zai shanye wannan, tsoho kuwa hanta da ƙoda sun rage sauri maganin yana taruwa. Ga kuma maza da yawa in shekaru suka ja ƙabar nan ta ƙasan mafitsara da ake kira furostet tana girma ta matse hanyar fitsari, to a ɗora Piriton a kan wannan, wata rana fitsarin zai iya tsayawa cak sai an sa roba a asibiti. In hakan ta faru, mara ta kumbura yana jin fitsari ba ya fita, ko tsakar dare ne a tafi. Haka mai hawan jinin ido, irin wanda ke tasowa farat ɗaya, maganin na iya tayar masa, shi ma mai farfaɗiya sai da shawarar likita don yana iya karo da wasu magungunansu irin su phenytoin.

Ni abin da na fi ji wa tsofaffinmu shi ne faɗuwa. Baba ya tashi cikin duhu zai kewaya ko zai yi alwalar asuba, kai da nauyi ƙafa ba ƙarfi, santsi ya kwashe shi ƙashin ƙugu ya karye, kuma mun san tsoho in ya kwanta karayar ƙugu da yawa ba sa komawa yadda suke. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta daɗe da sa irin waɗannan magunguna cikin jerin waɗanda ya kamata 'yan shekara 65 zuwa sama su guje wa. Akwai kuma wani bincike da aka buga a 2015 daga Jami'ar Washington da ke Seattle, an bi tsofaffi sama da 3,000 na tsawon shekaru, aka ga waɗanda suka fi yawan shan magunguna masu danne asitilkolin, kwatankwacin kullum na sama da shekara uku, haɗarin cutar mantuwa a wurinsu ya ɗara na waɗanda ba sa sha da kusan kashi 54 cikin ɗari. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar maganin ne ya jawo ba, kada wanda ya sha na kwana uku don borin jini ya tsorata. Amma shekara biyu kullum, ai ba sai an jira tabbaci ba.

Abin haushin ma shi ne a matsayin maganin barci ba shi da wani kirki, jiki yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki, ina kyautata zaton haka Baba ya tashi daga ɗaya ya koma biyu. Kada ku ƙwace masa da faɗa, dattijo ne, a lallaɓa shi a kai shi asibiti da katin maganin da duk sauran abin da yake sha har na gargajiya, a duba furostet da suga da hawan jini, likita ya tsara yadda za a janye shi a hankali. Sau da yawa rashin barcin ma fitsarin dare ne ke kawo shi, ko ciwon gwiwa, ko goro da shayi mai kauri bayan isha'i, ko dogon barcin rana.

Tambaya: Ɗana ya dawo daga makarantar kwana da ƙaiƙayi, tsakanin yatsu da hammata da gindin cibiya, yanzu ƙannensa ma sun fara, mun sha Piriton kati biyu ba sauƙi. Daga Katsina.

Amsa: Hajiya wannan ya fi kama da ƙazuwa, wani ƙaramin ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata, kuma Piriton ba ya kashe ƙwaro, ko kwali za a shanye. Maganin shafawa ake yi irin su benzyl benzoate ko permethrin, daga wuya har ƙafa, duk mutanen gida rana ɗaya har wanda bai fara susa ba, a wanke kaya da zanen gado da ruwan zafi a shanya a rana. A kai yaron a duba a tabbatar, ƙananan yara kuma a tambayi yadda za a shafa musu don ba daidai da manya ba ne. Ƙaiƙayin yakan ɗauki makonni kafin ya lafa ko bayan ƙwaron ya mutu. Mu dai mun gaji wannan ɗabi'ar ta duk ƙaiƙayi Piriton tun zamanin kulorokwin, manya za su tuna yadda ake haɗa su tare don susar da yake sa baƙar fata, kafin a sauya maganin maleriya a Najeriya a 2005.

Tambaya: Rina ta harbi ƙanina a gona, cikin minti kaɗan leɓensa ya kumbura muryarsa ta dishe yana numfashi da ƙyar, muka ba shi Piriton biyu muka kwantar da shi, Allah ya taimaka ya farfaɗo. In ya sake faruwa mu ƙara yawan ƙwayar? Daga wani manomi, Funtuwa.

Amsa: A'a ɗan'uwa, Allah ne ya tsare ba Piriton ba. Abin da ya samu ƙaninka shi ne alaji mafi tsanani, wanda maƙogwaro ke kumbura jini ya faɗi, kuma yana kisa cikin mintuna. Ƙwaya kafin ta narke ta fara aiki an yi rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma ko ta fara, ƙaiƙayi da borin fata take ragewa, ba ta buɗe maƙogwaro ba ta ɗaga jini. Maganinsa allurar adirenalin ce a tsokar cinya, nan take. A Ingila ma tun 2021 suka cire maganin alaji daga matakin farko na ceton irin wannan mara lafiya, don kada ma'aikaci ya ɓata lokaci a kansa ya jinkirta adirenalin.

In ka ga kumburin leɓe ko harshe, dishewar murya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma bayan harbin zuma ko rina, ko bayan cin gyaɗa ko kifi ko ƙwai, ko bayan allura ko wani magani irin su fenisilin, asibiti kai tsaye da abin hawa mafi kusa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi masa sauƙi a zaune a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa. Ko ya ji sauƙi a hanya a ƙarasa, don yana iya dawowa bayan awoyi. Shi ƙanin naka yanzu da yake lafiya ya je ya ga likita ya ba shi labarin nan duka, don wanda ya taɓa yi yana iya sakewa, a tsara masa abin da zai yi, ku kuma ku binciki wane asibiti ne mafi kusa da gonar da ke da adirenalin a ajiye.

Masu tambaya kan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe na ga saƙonninku, kuma da alaƙa, don cyproheptadine da ke cikinsu shi ma tsohon maganin alaji ne mai buɗe ciki da sa barci, sau da yawa kuma ana haɗa shi da dexamethasone wanda ke tara ruwa a jiki ya kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Maganar tana da tsawo, ita ce za ta cinye filin a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.